Azumin da Muka Ƙi Yi wa Baƙo Shimfiɗa

Azumin bana ya faɗo a cikin bazara, kamar yadda ya faɗo shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Wanda ya zauna Sakkwato ya san abin da hakan yake nufi. Tun da hantsi iska ta riga ta ɗumame, kafin azahar kuwa ƙyauren ƙarfe ba ya taɓuwa. Ƙadangaru sukan lafe a gindin katanga baki buɗe, kasuwa ta yi tsit, masallatai su cika da mutane a kwance, kowa da jiƙaƙƙen ƙyalle a ka. Yanzu ina da fanka mai aiki da hasken rana, ana kuma kawo mini ƙanƙara tun kafin a kira magariba. Zafin dai shi ne wanda na sani, bai canza ba.

Shekaranjiya bayan la'asar 'yata Kulu ta kira ni a waya. Tana cikin kwamitin iyayen yara na makarantar firamaren unguwarmu, nan kusa da Ƙofar Rini, inda ita ma ta yi karatu, inda kuma 'ya'yanta biyu suke yanzu. Ta ce an aiko musu daga ofishin ilimi cewa wani jami'i zai zo duba azuzuwa mako mai zuwa, kuma tun daga lokacin iyaye suke ta tura wa juna saƙo, wannan zai kawo fenti, wancan zai kawo tsintsiya. Ta yi 'yar dariya, ta ce, "Baba, ni zan tuna musu, ko kai za ka tuna musu?"

Na ce ta ba ni kwana biyu. Abin da zan tuna musu ke nan.

A wancan lokacin ina aiki a sashen labarai na gidan rediyo. Ana ba ni takardu da Turanci, in mayar da su Hausa, in karanta da yamma. Muna zaune a gidanmu na gado, ni da matata Luba da yara, sai Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifina, wadda take da ɗaki kusa da zaure, tana dama furar sayarwa. Kulu tana da shekara goma sha ɗaya, tana aji biyar. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye. Tana tafiya da kanta, amma da jan ƙafa, kuma tafiyar ba ta nisa. Sa'arta ita ce gidaje shida ne kawai tsakaninmu da makaranta.

A ƙarshen daminar da ta gabata, wata iska ta taso gaban ruwan bankwana, ta yaye rufin ginin da aji biyar da aji shida suke ciki. An tsinci kwanon a bayan unguwa, a nannaɗe kamar takarda, katakon kuma ya kakkarye. Lokacin sanyi ba wanda ya damu ƙwarai, yaran ma daɗin hantsi suke ji. Da bazara ta shigo ne abin ya bayyana.

Malam Buhari, hedimastan makarantar, shi ne kuma yake koyar da aji biyar. Ya ɓullo da wata dabara ta bin inuwa. Da safe yaran sukan jeru a gindin bangon gabas, inda inuwar take da faɗi. Rana tana ɗagawa, inuwar tana tsukewa, su kuma suna matsawa, har su cunkushe a jikin bango kamar tumaki. Idan rana ta tsaya tsaka babu sauran inuwa ko ta tafin hannu, sai simintin ƙasa ya fara gasa su. Kowa ya zauna a kan abin da ya samu, wani kwali, wani takalminsa. Kulu takan dawo gida idonta jajir, ta kwanta kusa da randa.

Ana cikin haka Malam Buhari ya tara iyaye, ya karanta mana abin da ofis ya yanke. Idan damina ta sauka ba a rufe ginin ba, za a kwashe aji biyar da aji shida a haɗe su da wata makaranta can bayan babbar kasuwa. Iyayen 'yan mata da dama suka ce a nan take 'ya'yansu ba za su riƙa ratsa kasuwa kullum ba. Ni kuwa tawa matsalar ta fi ƙarfin ra'ayi. Kulu ba za ta iya wannan tafiya ba ko sau ɗaya a mako. Ina da keke, amma lokacin aikina yana cin karo da lokacin tashi daga makaranta. Idan aka kwashe ajin, karatunta ya ƙare a aji biyar.

Muka rubuta takardar koke. Ni na tsara ta, mai unguwa ya buga hatiminsa, iyaye suka sa hannu, wasu da boko, wasu da ajami, wasu da dangwale. Amsa ta zo ran uku ga azumi. Mai duba makarantu zai zo ranar Alhamis. Kwanon da yake ajiye a ofis kaɗan ne, makarantun da iska ta yi wa ɓarna kuwa suna da yawa, saboda haka abin da idonsa ya gani shi zai sa a ba wannan a hana wancan.

Mai unguwarmu a lokacin Baba Maccido ne, tsohon majemi, mutum mai sanyin magana. An san shi da abu guda: baƙo bai taɓa zama a ƙasa a ƙofar gidansa ba. Ko ɗan aike ne sai an fito masa da tabarma. Da aka karanta masa amsar, abin da ya fara faɗa shi ne baƙon gwamnati zai shigo unguwa, kuma a cikin watan azumi, bai kamata ya tarar da mu yadda muke ba. Ba wanda ya musa. Ni ma ban musa ba. Ni ne ma na ɗauki bokitin farar ƙasa.

Kwana uku muka yi muna gayya. Ana idar da sallar asuba muke fita, domin aikin mai azumi a bazara ba ya wuce ƙarfe tara. Wani maƙwabcinmu da yake gini ya ara mana azara, muka gitta su a kan bangon. Mutane suka kwance zanar da suka kewaye awakinsu da ita, muka shimfiɗa a sama, muka ɗaure da igiyar kaba. Ruwa a shekarar wuya yake yi. Famfon unguwa sai ya yi kwana biyu bai ɗiga ba, 'yan ga-ruwa kuma sai wanda ya riga. Duk da haka mata suka riƙa ɗibar na randunansu suna aiko mana, mu kwaɓa farar ƙasa, mu yayyafa a tsakar makaranta. Masu shayi ba sa fitowa da rana a watan azumi, sai suka ba mu aron bencinansu. Limamin masallacinmu ya ce a ɗauki tabarmi. Aka kawo sabuwar randa da moɗa saboda ƙananan da ba sa azumi. Wata mata ta aiko da kasko da turaren wuta. Iyaye suka matsa wa teloli, aka karɓo ɗinkin salla tun bai gama shan guga ba.

Ina tuna yadda muke komawa gida a kwanakin nan, maƙogwaro a bushe, hannu fari fat, zuciya kuwa wasai. Mun yi imani aikin kirki muke yi wa 'ya'yanmu.

Mai dubawar, Malam Ladan, ya iso ƙarfe tara na safe a kan babur. Dogo ne siriri, mai tabarau, ba shi da yawan magana. Da ya ga tabarmi a shimfiɗe ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Ya shiga aji biyar ya tarar da inuwa mai sanyi, ƙasa a yayyafe, bango fari, yara a kan benci cikin sababbin kaya, ƙamshi yana tashi. Ya sa biyu suka yi karatu, ya duba rajista, ya ɗaga kai ya kalli zanar, ya jinjina. Sannan ya juya wajen dattawa ya tambaya ko akwai wata matsala.

Malam Buhari ya kalli mai unguwa, domin ba ya yiwuwa ya riga shi magana. Baba Maccido ya ɗan sunkuya, ya ba da amsar da kowane ɗayanmu ya tashi yana ji, wadda ake bayarwa ko da gawa a cikin gida.

"Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe. Sai godiya."

Muka raka baƙo har bakin titi. Kafin la'asar masu shayi sun karɓi bencinansu, tabarmi sun koma masallaci saboda tafsiri. Washegari masu awaki suka kwance zanarsu, domin dabbobi sun fara shiga gidajen mutane. Ranar Asabar mai gini ya zo da amalanke ya kwashe azararsa. Ranar Litinin yara suka koma gindin bangon gabas. Abin da ya ƙaru kawai shi ne bangon ya yi fari, yana mayar musu da hasken rana cikin ido.

Bayan mako guda ina zaune a teburina aka ajiye mini takardun labaran yamma. A cikinsu akwai sanarwa daga ofishin ilimi mai ɗauke da jerin makarantun da za a yi wa rufi bayan salla. Na bi jerin sau biyu, tamu ba ta ciki. A sakin layi na ƙarshe ofishin ya yaba wa wata unguwa ta kusa da Ƙofar Rini, wadda jama'arta suka gyara makarantarsu da kansu ba tare da jiran gwamnati ba, ya kuma yi kira ga sauran unguwanni su yi koyi da ita.

Ƙa'idar aikinmu ita ce ka fassara abin da aka ba ka daidai, ka karanta shi daidai, muryarka kada ta nuna abin da yake ranka. Na fassara, na shiga ɗakin watsa shiri, na karanta. Ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba.

Na iso gida ana gab da shan ruwa. Luba ta jera kunun tsamiya da ƙosai a kan tabarma, rediyo yana gefe a kashe. Ta yi mini sannu da zuwa. Kulu tana azumi a ranar, leɓenta ya tsattsage. Ta jira na kai dabino baki, na kurɓi ruwa, sannan ta ce, "Baba, yaushe munka gyara ta?"

Washegari bayan la'asar maza suka taru a ƙofar gidan mai unguwa. An yi ta magana ba tare da an je ko'ina ba. Wasu suka ce mai dubawar bai da adalci, ai ko makaho ya san zana ba rufi ba ce. Wasu suka ɗora wa Malam Buhari, wai me ya hana shi buɗe baki. Wani tela ya dube ni ya ce shi dai muryata ya ji, ba ta wani ba. Baba Maccido yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi.

Sai ga Gwaggo Ige tafe da sandarta. Shekarunta sun ba ta damar tsayawa inda maza suke, ga shi kuma ita da Baba Maccido taubasai ne, tun suna yara take faɗa masa abin da wani ba ya iyawa. Ta gaishe da jama'a, ta ƙi zama. Ta ce tun daga ɗakinta take jin ana neman mai laifi, shi ya sa ta zo ta taya mu nema, tun da ita ma ta ba da ruwan randarta.

"Mutum yaz zo ganin ciwo," in ji ta, "kunka sa mashi babbar riga bisa, kunka turara. Yat tambaya, kunka ce lahiya lau. To mi kuke so shi rubuta?"

Baba Maccido ya ɗago. "Ke Ige, tsufa bai rage maki baki ba. So kike baƙo shi tarad da mu tsirara?"

"Kai kana da rawani, Maccido, rana ba ta san ƙeyarka ba. Ɗiyanmu na ciki."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa har aka fara jin ƙamshin suya daga gidaje. Daga bisani ya ce shi a iya saninsa rufa wa unguwa asiri shi ne aikin da aka naɗa shi dominsa, bai taɓa zaton wata rana rufin asirin zai cuci yara ba. Ya tambaya ko akwai sauran hanya. Malam Buhari ya ce jerin ya fita, amma kwanon yana nan a ajiye, ba za a raba ba sai bayan salla. Idan mai dubawar ya sake zuwa ya sake rubutu, ana iya gyarawa.

Na rubuta takarda ta biyu. Ba a amsa ba, kuma ban ga laifinsu ba, mutumin ya zo ya gani da idonsa. Gwaggo ce ta kawo shawarar da muka bi. Ta ce takarda ana iya sa ta a aljihun tebur, amma gaisuwa dole a amsa ta.

Daga ranar, kullum mutum biyar ko shida sukan tashi daga unguwa da sassafe, maza da tsofaffin mata, su taka zuwa ofishin ilimi. Akwai wata bishiyar dogon yaro a harabar, a gindinta ake zama. Idan Malam Ladan ya iso, a miƙe a gaishe shi, a tambayi iyali, a tambayi ibada. Idan ya ce me ke tafe da ku, a ce gaisuwa ce. Sai a koma a zauna har azahar, ya fito, a sake gaishe shi, a kamo hanyar gida. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya tare ƙofa. Muka raba kwanakin gida gida. Mai faci ya rufe rumfarsa ya je, mahauci ya bar wa ƙanensa teburi ya je. Ni na je sau biyu kafin in wuce aiki.

Tafiyar dawowa ita ce azabar. Kwalta takan yi laushi, takalmin roba yana mannewa. Iskar da take bugun fuska kamar daga bakin tanda take fitowa. Ba a hira, domin yawu ma abin tattali ne. Mukan tsaya a wani masallaci a hanya mu yi alwala, mu jiƙa hula, kafin mu kai gida ta bushe. A kwanakin ne kuma hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, ya yi duhu, ya yi walƙiya daga nesa, ya watse. Manoman gefen gari suka fara sharar gona, ana hango hayaƙinsu. Kowa ya san abin da ya rage ba shi da yawa.

A rana ta shida Malam Ladan ya kafe babur ɗinsa, maimakon ya wuce sai ya nufo gindin bishiyar, ya durƙusa gaban Gwaggo. Ya ce, "Inna, don Allah ku faɗa mini gaskiya. Gaisuwar nan ta fara hana ni barci."

Ta ce, "Ɗana, kullum mu muke zuwa gaishe ka. Ka zo kai ma ka gaishe mu. Amma ba da sahe ba. Rana tsaka."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ranar Litinin, kafin azahar.

Na zaci zuwa ofis shi ne aiki mafi wuya a azumin nan. Ashe ranar Lahadi ce. Labari ya bazu cewa baƙo zai dawo, sai ga mutane suna fitowa da tsintsiya ba tare da kowa ya aike su ba. Ba mantuwa suka yi ba, duk sun ji abin da aka yanke. Kowa dai yana cewa ai shara kaɗai ce, shara ba ƙarya ba ce. Wani ya ce to ko benci ɗaya a ajiye wa baƙon. Wata ta aiko da tabarma sabuwa, wai ba don makaranta ba, don mutunci. Ni kaina na iske Luba tana wanke wa Kulu rigar salla, muka kalli juna, ta mayar da ita cikin akwati a jiƙe rabi. Gwaggo Ige ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofar makaranta tun hantsi, sandarta a gicciye kan cinya. Duk wanda ya zo da wani abu sai ta gaishe shi da kyau, ta tambayi mutanen gidansa, ta mayar da shi. Baba Maccido bai fito ba ranar sai masallaci.

Ranar Litinin sama ta wayi gari fes, ba ko ɗigon gajimare. Muka tsaya a tsakar makaranta, iyaye wajen ashirin, kowa cikin kayan da yake aiki da su. Ganyen dogon yaro da kashin awaki suna nan inda suka kwana. Baba Maccido ya zo daga ƙarshe, na kuma lura da buzunsa a naɗe a hammata. Gwaggo ma ta lura.

Malam Ladan ya iso rana tana tsaka. Aka gaisa a tsaye. Ya nufi aji biyar, da ya kai bakin ƙofa, ganin dattawa a bayansa, ya tuɓe takalminsa kamar yadda ya yi wancan karon, ya taka simintin. Na ga yatsun ƙafarsa sun tattare. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar. Ya waiga wajen takalmin, sannan ya dubi yaran, su arba'in da wani abu, a manne da bango, kowa a kan kwalinsa, allunan rubutu a kan kawunansu. Bai koma ya sa takalmin ba.

Hannun Baba Maccido ya kai kan buzun. Gwaggo ta yi gyaran murya. Hannun ya tsaya a nan. Fatar rago ce, ba ta da wani nauyi, amma ban taɓa ganin mutum ya sha wuyar riƙon kaya kamar yadda tsohon nan ya sha ba. Gumi yana bin gemunsa yana ɗiga a rigarsa, baƙo yana tsaye a gabansa ƙafa ba takalmi, shi kuma da shimfiɗa a hammata.

Mai dubawar ya ce wani ya karanta abin da yake kan allo. Malam Buhari ya kira Kulu, domin ita ce ta fi kusa. Ta tashi daga kan takalminta, ta zura shi, ta ja ƙafarta zuwa gaba, ta kare ido da hannu saboda ƙyallin bango, ta karanta layi uku. Ya bi ta da kallo har ta koma ta zauna. Ya tambayi hedimasta nisan makarantar bayan kasuwa, aka faɗa masa. Ya tambayi inda zanar da bencinan suka tafi, Malam Buhari ya lissafa masa masu su ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya juyo wajen mai unguwa, ya maimaita tambayarsa ta farko, a hankali. "Baba, akwai matsala?"

Na ga leɓen tsohon ya motsa, na kuma san kalmar da take kan hanya, domin ita ce a kan harshena ni ma. Ya haɗiye ta. Ya ɗaga yatsa sama ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Akwai, ranka shi daɗe. Ga ta nan bisa kanka."

Malam Ladan ya ciro littafinsa ya yi rubutu a tsaye, gumi yana ɗiga a kan takardar. Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce zai rubuta abin da ya gani, kamar yadda ya yi wancan karon. Ya fito ya sa takalminsa, ya yi sallama. Ba mu raka shi bakin titi ba, domin ba wanda ya san yadda zai haɗa ido da shi.

Da la'asar sakaliya Baba Maccido ya turo gidanmu, wai a ce wa Ige ta dama fura mai kyau, da nono mai kauri, za a kai gidan mai duba makarantu da dabino kafin a sha ruwa. Ya ce an hana shi yi wa baƙo shimfiɗa, ya haƙura, amma ba za a hana shi shayar da mai azumi ba. Luba ta shiga ɗakin Gwaggo da saƙon, ta fito tana murmushi. Furar tana nan a dame cikin sabuwar ƙwarya, an rufe da faifai, tun kafin a aiko.

Kwanon ya zo kwana goma bayan salla. Bai kai na ɗakunan biyu ba, na ɗaki ɗaya ne. Muka sake yin gayya, wannan karon da kafinta da ƙusa, muka rufe aji biyar, aka raba shi biyu da zana, aji shida suka shigo. Ɗayan ɗakin sai da wata shekara ta zagayo, bayan an sake yin gaisuwa mai yawa. Kwana huɗu da gama aikin ruwan farko ya sauka, da rana, yara suna ciki. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika unguwa, mata suka fito da robobi da tukwane suna tarar ruwan indararo. Kulu ta dawo gida fuska a ɗaure. Na tambaye ta ko rufin yana yoyo. Ta ce a'a, ƙarar ruwa a kan kwano ce ta hana su jin abin da Malam yake faɗa.

Ta gama aji shida a makarantar, ta wuce ta 'yan mata, yau tana aikin gwajin jini a asibiti. Baba Maccido da Gwaggo Ige sun rasu a shekara ɗaya, wata huɗu tsakani. Allah ya ji ƙansu. Makarantar ta ƙara azuzuwa, ta kuma ƙara yara fiye da azuzuwan. Yanzu kowane uba yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, yana iya nuna wa duniya tsagewar bango kafin ya gama tsayuwa a gabanta. Sai dai da aka ce baƙo yana tafe, abin da ya fara zuwa ran mutane shi ne fenti da tsintsiya. Ban yi mamaki ba. Ni ma da na ji, sai da na tuna inda bokitina yake.

Yau da safe na kira Kulu na ce na gama rubutun, ta aiko a karɓa ta karanta musu. Ta ce to, amma ba ta iya jira ba, jiya ta yi musu magana da kanta. An yi gardama, wasu sun ji haushi, daga ƙarshe an yarda ba za a taɓa komai ba. Ta roƙi jami'in ya zo ƙarfe goma sha biyu, lokacin da aji uku yake cike, yara suna zaune har bakin taga. Ita za ta zauna a ƙofar makaranta ranar da ta rage kwana ɗaya.

Na ce madalla. Har zan kashe wayar sai ta ce, "Baba, wajen wa ake samun dabino mai kyau yanzu? Kuma wa zai dama muna fura irin ta Gwaggo?"